Yadda ake gano dalilin rikicewar launi a ƙaramin allon Arduino da ESP32

Watannin baya wani ɗalibi ya same ni a shago, nan Mabera a Sakkwato, da kwali a hammata. Aikin kammala karatunsa ne: na'urar auna danshin ƙasa a gonar albasa, irin wadda manomin fadamar Kware zai kafa a bakin rijiyarsa. In ƙasa ta jiƙu allo ya nuna kore, in ta bushe ya nuna ja. Kore yana fita daidai, amma ja sai ya fito shuɗi. Har ya aika Kano an sayo masa allo na biyu, shi ma haka. Ya ajiye su a kan tebur ya ce, "Malam, allunan ga duk na banza na." Kalma ɗaya muka canza a cikin shirinsa, duka biyun suka dawo daidai. Abin da ya yi mini ciwo shi ne kuɗin da ya kashe da mako biyun da ya ɓata.

Kafin ka zargi allo, ka fara raba matsalar gida biyu. Akwai launin da ya ɓaci amma kullum ɓacin iri ɗaya ne, ko sau goma ka kashe ka kunna. Wannan daga saitin shiri yake. Akwai kuma wanda yanzu daidai, anjima ya canza, ko ya riƙa walƙiya, ko ɗigo-ɗigo su fito. Wannan daga wuta ne, ko wayoyi, ko zafi. Wanda ya gauraya su biyun zai kwana yana canza layukan shiri alhali waya ce ta saki.

Kayan da za ka tanada

- Allon da ke ba ka matsala, da Arduino Uno ko ESP32 ɗin da kake aiki da shi, wato 'yar kwakwalwar da ake loda wa shiri ta sarrafa allon.
- Mita mai auna wuta. Ko ƙarama ce ta wadatar. In ba ka da ita, masu gyaran wayar salula ba sa rasawa, ka je da kayanka a auna maka.
- Gajerun wayoyin haɗi, da biredbod.
- Kebul na USB mai kauri, da caja mai kyau ko kwamfuta.
- Kafasita biyu: 100nF guda, da 100µF guda. Ana iya ciro su daga tsohuwar rediyo ko mataccen caja.
- Rezista 1k da 2k, in Uno kake amfani da shi. In babu 2k, 2.2k ya yi, ko ka jera 1k biyu.
- Ƙarfen narka dalma da ita dalmar, don aikin ƙarshe.
- Biro da takarda. Kada ka raina wannan, domin bayan gwaji na shida ba za ka tuna abin da na biyu ya nuna ba.

Mataki na 1: San aisin da ke cikin allonka

Juya bayan allon ka karanta sunan aisin, wato ɗan guntun lantarkin da ke tuƙa allon. Uku ne suka fi yawa a hannun masu koyo. ST7735 shi ne na ƙaramin allo mai inci 1.8, ɗigo 128 da 160. ILI9341 yana zuwa a inci 2.4 ko 2.8, ɗigo 240 da 320. ST7789 kuma ana yawan samunsa a ɗan allo mai inci 1.3, ɗigo 240 da 240. Kowanne da laburarensa, wato shiryayyun umarnin da ake haɗawa da shiri don magana da shi, da umarnin tashinsa.

Kada ka dogara da abin da aka rubuta a leda kawai. Na sha buɗe leda mai rubutun ILI9341 in tarar ST7789 ne a ciki. Umarninsu suna kama da juna, shi ya sa allon zai tashi har ya yi rubutu, amma launuka su fito a birkice. In babu rubutu a baya, ƙirga girman ɗigon daga abin da ya zana, sannan ka gwada laburaren ɗaya bayan ɗaya.

In kuma ƙaramin OLED ne mai SSD1306 da samansa rawaya ƙasansa shuɗi, bar shi. Haka aka ƙera shi, layuka 16 na sama rawaya ne a jikin gilashin, babu shirin da zai canza su.

Mataki na 2: Cire komai, ka yi gwajin launi biyar

Zare sensa, zare rile, zare katin SD, kashe WiFi. A bar allo da kwakwalwar kaɗai. Ajiye shirinka gefe ka buɗe sabo, bayan layin tashin allo ka saka wannan a cikin loop:

```
tft.fillScreen(0x0000); delay(2000); // baki
tft.fillScreen(0xFFFF); delay(2000); // fari
tft.fillScreen(0xF800); delay(2000); // ja
tft.fillScreen(0x07E0); delay(2000); // kore
tft.fillScreen(0x001F); delay(2000); // shudi
```

Da gangan na sa lambobi maimakon sunayen launi da laburare ke bayarwa, domin wani lokaci an taɓa sunayen a wani fayil ba ka sani ba. Waɗannan allunan suna karɓar launi a bit 16: biyar na ja, shida na kore, biyar na shuɗi. Tsarin shi ake kira RGB565, kuma iyakar ka'idar da kake buƙata ke nan.

Ka kalli allon kai tsaye ta gaba, a inuwa. Rubuta abin da ka gani a kowane layi. Sai ka zare wuta ka mayar sau biyar. In sakamakon bai canza ba, ci gaba zuwa mataki na 3. In ya canza ko sau ɗaya, tsallake zuwa mataki na 7, ka dawo nan daga baya.

Mataki na 3: Karanta abin da ka rubuta

In baƙi da fari da kore suna daidai, amma ja da shuɗi sun yi musaya, tsarin jerin launi ne. Shi ne ciwon allon ɗalibin nan.

In baƙi ya fito fari, fari ya fito baƙi, ja ya koma shuɗi mai haske irin na sararin sama, kore ya koma ruwan hoda, shuɗi ya koma rawaya, to allon a juye yake kamar nagatif ɗin tsohon hoto.

In baƙi da fari daidai ne, amma ja ya zama shuɗi, kore ya zama ja, shuɗi ya zama kore, wato duka ukun sun zagaya, bayit biyun kowane ɗigo ne suke isa gaba a baya.

Yakan faru biyu su haɗu. Misali baƙi ya zama fari, ja kuma ya zama rawaya: juyi ne da musaya tare. Kada ka ruɗe. Fara gyara baƙi da fari, ka sake gwaji, abin da ya rage zai fito fili.

Mataki na 4: Gyaran ja da shuɗi

A cikin aisin akwai rajista mai lamba 0x36, ana ce mata MADCTL. Bit ɗaya a cikinta, mai darajar 0x08, shi ke cewa a fara da ja ko a fara da shuɗi. Masu haɗa gilashin ba su yi ittifaƙi ba, wannan kamfani ya jera RGB, wancan BGR, aisi kuwa iri ɗaya.

In laburaren Adafruit kake amfani da shi a kan ST7735, duba layin `tft.initR(...)`. Zaɓi uku ne aka fi sani: `INITR_BLACKTAB`, `INITR_GREENTAB` da `INITR_REDTAB`. Asalin sunayen daga launin ɗan kunnen ledar da ke manne a fuskar sabon allo ne, baƙi ko kore ko ja. Amma allunan da ke iso mana yanzu ba sa bin wannan ƙa'ida, na ga mai koren kunne da sai da na baƙi ya yi aiki. Gwada ukun. Ka kuma lura da gefen allon: in ka ga siririn layi mai tarkacen launuka a baki ɗaya, zanen ya goce ne da ɗigo ɗaya ko biyu, kuma na koren ne ke matsar da shi, ɗigo biyu a faɗi, ɗaya a tsawo.

In TFT_eSPI ne, buɗe fayil ɗin User_Setup.h a cikin laburaren, nemo layin `#define TFT_RGB_ORDER TFT_BGR` ko `TFT_RGB`, ka buɗe ɗaya ka rufe ɗayan. Ka tabbata direba ɗaya tak aka buɗe a saman fayil ɗin. Gargaɗi: duk sanda ka sabunta laburaren, wannan fayil zai iya komawa yadda ya zo, launinka su sake rikicewa ba tare da ka taɓa komai ba. Kwafe shi ka ajiye a wani wuri tun yau.

Ga tarkon da ya taɓa cinye mini yini guda. In ka aika wa rajistar 0x36 umarni da hannunka, sannan ka kira `setRotation` a ƙasa, gyaranka ya tafi, domin juyin allo da jerin launi a rajista ɗaya suke zaune, laburaren zai sake rubuta ta gaba ɗaya. Alamar ita ce allo daidai a tsaye, amma da ka kwantar da shi ja ya koma shuɗi. Umarninka ya zo bayan `setRotation`, kuma ya ƙunshi bit ɗin juyin da kake so.

Akwai masu gajartawa su ce to a kira 0x001F ja kawai a wuce wurin. Zai yi maka a rubutu da layuka. Ranar da ka sa hoton mutum fuska za ta fito shuɗiya. Ban yarda da wannan hanyar ba sai in gobe ne za ka kare aikin gaban malamai kuma dare ya yi.

Mataki na 5: Gyaran juyi

Layi ɗaya ne bayan tashin allo: `tft.invertDisplay(true);` in bai yi ba ka sa `false`. A TFT_eSPI akwai `TFT_INVERSION_ON` da `TFT_INVERSION_OFF` a wancan fayil. Allunan IPS, wato masu nuna launi daidai ta kowace kusurwa, kamar yawancin masu ST7789, sai an kunna juyin suke nuna launi na gaskiya.

Mataki na 6: Rubutu daidai, hoto a birkice

Wannan na zuwa ne idan ka mayar da hoto, misali tambarin makaranta, zuwa jerin lambobi ka saka a shiri. Gwajin launi biyar zai wuce lafiya, amma hoton ya fito kamar an zuba masa rini kala-kala. Bayit ne suka juya. A TFT_eSPI ka sa `tft.setSwapBytes(true);` kafin `pushImage`. Masu aiki da laburaren zane LVGL na 8 su duba `LV_COLOR_16_SWAP` a fayil ɗin saitinsa.

Wani kuskuren da nake gani kusan kowane mako: mutum ya ɗauko lambar launi daga intanet, mai harafi shida, ya zuba kai tsaye. Allon bit 16 yake ɗauka, sai a sare kan lambar a bar gindinta. Ja na intanet, 0xFF0000, ya zama 0x0000, wato baƙi. Kore, 0x00FF00, ya zama 0xFF00, wato rawaya. Maganinsa `tft.color565(255, 0, 0)`, ka ba shi ja da kore da shuɗi daban-daban ya haɗa maka. In kuma ka ga sararin sama a hoto yana fita hawa-hawa kamar matakala, allon ba shi da laifi, launi 65,536 kawai yake da su, wayarka kuwa tana da sama da miliyan 16.

Mataki na 7: Launin da ba ya tsayawa, fara da wuta

Nan ne aikin yake, kuma a garin nan nan aka fi samun matsala. Sa mita a ma'aunin DC, baƙin tsinke a GND na allon, wato ƙafar nagatif, jan tsinke a VCC, ƙafar da wuta ke shiga. Ka auna a ƙafafun allon kansa, domin a jikin Arduino za ka iya ganin wuta cikakkiya alhali ta rage a hanya. Bar gwajin launi yana gudana ka zuba wa mita ido. Lambar ta tsaya cak. In tana rawa, ko layin 3.3V yana sauka kusa da 3.0V, ka kama ɓarawon.

Abubuwan da zan duba, bi da bi. Na farko kebul. Siraran kebul ɗin da ake sayarwa a bakin titi wayar cikinsu kamar gashi take, canza shi kafin komai. Na biyu caja. Gwada da kwamfuta mai batir ko fawa banki, ka ga ko abin ya lafa. In sai an tada janareta launin ke rawa, cajar ce ba ta tace wuta. Ka dai sani wasu fawa banki suna kashe kansu in abin da ake ja ya yi kaɗan.

Na uku inda ka ɗauko wutar. Ƙafar 3.3V ta Uno 50mA aka ƙayyade mata, fitilar bayan babban allo kuwa za ta iya cinye wannan ita kaɗai. Ƙafar sigina kuma 20mA ce, don haka kada ka rataya fitilar allo kai tsaye a kanta sai in akwai taransista a jikin allon. A jajayen allunan ILI9341 akwai ɗan wuri a baya mai alamar J1. In a buɗe yake, allon na da nasa mai rage wuta, ba VCC ɗinsa 5V. In an haɗe shi da dalma, 3.3V kawai, 5V zai kashe shi. Duba da kyau kafin ka jona.

ESP32 kuwa yana fizgar wuta da ƙarfi duk sanda WiFi ke aikawa, cikin ƙiftawar ido, mita ba za ta kama ba. Buɗe tagar siriyal, in ka ga saƙon "Brownout detector was triggered", magana ta ƙare. Saka kafasita 100µF da 100nF tsakanin VCC da GND dab da ƙafafun allon. Babbar tana da ƙafar da ke da ratsi a gefe, ita ce ta GND, in ka juya ta za ta kumbura.

Masu haɗa na'ura da batirin sola su saurara. In ka zuba 12V a Vin na Uno, ɗan mai rage wutar da ke kansa sai ya ƙone 7V ya mayar da su zafi. Da allo a kai yakan yi zafin da yatsa ba zai jure ba, sai ya fara yanke wuta. Da safe lafiya lau, da azahar allo ya fara hauka. Sa mai rage wuta LM2596 a tsakani, ka saita shi a 5V da mita tun kafin ka jona komai.

Mataki na 8: Sigina 5V a allon 3.3V

Uno yana magana da 5V, aisin allon kuwa 3.3V yake so a ƙafafun sigina, ko da VCC ɗinsa na karɓar 5V. Wasu allunan na da aisin da ke rage siginar a jikinsu, da yawa ba su da shi. In babu, allon zai iya yin fari fat, ko ya yi aiki yau gobe ya ƙi, ko launuka su dusashe.

A kowane layi da ke fita daga Uno, wato 13 na SCK, 11 na MOSI, da CS da DC da RST, sa rezista 1k a hanya, sannan 2k daga ɓangaren allon zuwa GND. Hakan zai ba ka kusan 3.3V. Kada ka ce ai 10k da 20k ma lissafinsu ɗaya ne. Lissafin ɗaya ne, amma manyan rezista suna sa sigina nawa, a gudun SPI, wato hanyar da kwakwalwar ke aika wa allo bayanai, sai bit su ɓata. In ka samu aisin CD4050 ko 74HC4050, ya fi tsafta. Mai ESP32 ya wuce wannan mataki, shi da allon duk 3.3V ne.

Mataki na 9: Wayoyi da gudu

Gwaji na gudana, ka riƙa taɓa wayoyin ɗaya-ɗaya da bayan biro. Wadda ka taɓa launi ya motsa, ita ce. Biredbod da ya ga hunturu biyu a Sakkwato ramukansa sun sha ƙura, ƙarafan ciki sun saki. Matsa zuwa wasu ramukan, ko ka hure shi da kyau. Wayoyin su zama gajeru, ni ba na barin su wuce santimita 15, kuma GND ya zama mai ƙwari.

Layin DC ya cancanci kulawa ta musamman, domin shi ke gaya wa allo ko umarni ne ke zuwa ko launi. In ya yi rawa, allon zai ɗauki launi a matsayin umarni, sai ka ga ya juye ko ya yi musayar ja da shuɗi ana tsakiyar aiki. Duk wanda ya ce mini allonsa "da kansa yake canzawa", nan nake fara taɓawa.

Kada ka bar RST a sake. Jona shi da ƙafar da ka ambata a shiri. In wani tashin daidai wani tashin a birkice, sa `delay(200);` kafin layin tashin allo, wuta ta zauna tukuna.

Sai gudu. A TFT_eSPI nemo `SPI_FREQUENCY`. In 40000000 ne sauke zuwa 27000000, in bai lafa ba zuwa 10000000. A laburaren Adafruit akwai `tft.setSPISpeed(4000000);`. In saukewa ta gyara, wayoyinka ne ba su iya ɗaukar gudun ba. Gyara su, sannan ka riƙa ɗagawa a hankali.

Mataki na 10: Rana da kusurwar kallo

Allunan TN masu araha launinsu na canzawa da inda ka tsaya, ka leƙo daga ƙasa ka ga ja ya yi duhu, fari ya yi toka. Ba su lalace ba. In na'urar za a rataye ta sama da kai ne, karkato allon ƙasa ko ka sayi IPS.

Zafi kuma, takardun yawancin waɗannan allunan maki 70 suke ba da iyaka. A watan Afrilu da Mayu garin nan na haura 40 a inuwa, to ina ga rufaffen baƙin akwati a tsakiyar gona? Allon zai fara dusashewa, har baƙaƙen tabo su fito, in ya huce su ɓace. Farin akwati, 'yar rumfa a sama, da ramukan iska a ƙasa da aka rufe da raga saboda ƙura.

Mataki na 11: Mayar da kayan ɗaya-ɗaya

Launi biyar sun tsaya daidai a tashi biyar? To mayar da sensa ka gwada. Mayar da WiFi ka gwada. Rile ko famfo su zo ƙarshe, kuma da wutarsu daban, GND kaɗai za su haɗa da allon. In katin SD ko taɓa-allo na raba layin SPI da allon, kowanne da nasa CS, kuma a farkon setup ka ɗaga dukansu zuwa HIGH kafin ka tashi ko ɗaya, in ba haka ba biyu za su amsa magana lokaci guda.

Komai ya zauna, sai ka tashi daga biredbod ka liƙe wayoyin da dalma, musamman in na'urar za ta hau babur zuwa Kware ko Goronyo. Sannan ka manna 'yar takarda a bayan allon ka rubuta sunan aisin, zaɓin da ya yi aiki, RGB ko BGR, juyi a kunne ko a kashe, da gudun SPI. In ka sayo wani allon, ko daga shago ɗaya ne, sake yi masa gwajin launi biyar kafin ka ɗora masa wannan saitin.